Ranar da Ƙaramar A-kori-kura Ta Ja Injin Mai Rijiya

"Wai tsakaninka da Allah, motar nan taka za ta iya jan sabon injin nan, ko in yi wa ƙaninka magana?"

Wata mata ce ta ji wannan tambayar ta bayan ƙofar gida, tana riƙe da tsintsiya. Ba ita aka tambaya ba, mijinta aka tambaya. Jama'ar wannan shafi, ku yi haƙuri da ni, ban iya tsara magana sosai ba. Bari in faro muku daga farko.

Akwai wani direba da ake kira Sarkin Lungu. Motarsa ce ta jawo masa sunan, wata ƙaramar a-kori-kura fara mai ƙofa biyu, wadda babu lungun da ba ta shiga. Inda manyan motoci ke tsayawa bakin titi a nemo masu baro, shi sai ya naɗe madubin gefe ya kutsa har ƙofar shago. A gida kuwa Yaya kowa ke ce masa, har mahaifiyarsu Inna ta ɗauka.

Shekara tara yana yi wa wani mai haƙa rijiyar burtsatse aiki, wanda kowa ya sani da Mai Rijiya. Shi ke kai bututu, shi ke kai siminti da tsakuwa da durom na ruwa. Da wannan aikin ya rufa ɗaki, da shi ya yi aure. A cikin wannan motar kuma ya koya wa ƙaninsa Auta tuƙi, tun yana ɗora masa matashin kai a kujera don ya hango gaba.

Matar Yaya ta shekara biyu a gidan, amma har yanzu Amarya ake kiranta. Mai kunya ce ta bugawa a jarida. In aka yi baƙi sai ta kawo ruwa ta gudu. Bakinta ba ya aiki sosai, idonta ne ba ya hutawa.

Auta ya tafi aiki wani kamfanin gina hanyoyi, ya shekara shida. Ranar da ya dawo, da mota ya dawo. Baƙar a-kori-kura ce ƙatuwa, mai ƙofa huɗu, sai an taka mataki ake hawa. In ya tayar da ita, kwanukan Inna na kan kanta har rawa suke.

Unguwa ta taru. Masu shafawa na shafawa, masu ɗaukar hoto na ɗauka. Yaya ya zagaya ta sau ɗaya, ya daki taya da ƙafa, ya ce, "Allah ya sa alheri." Bai ƙara ba.

Da yamma aka zo shigar da ita gida, sai aka ga filin ba zai ci mota biyu ba. Inna ta leƙo ta ce, "Yaya, ka ɗan fitar da taka waje mana, ai ta saba. Wannan sabuwa ce, kar yara su karce ta."

Inna ba ta nufi komai ba. Amma shekara tara farar motar tana kwana a wannan filin. Yaya ya ɗauki makulli ya fitar da ita ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida. Amarya ta ga yadda ya rufe ƙofar motar a hankali, kamar mai ba ta haƙuri.

Daga ranar abubuwa suka canja.

Ranar ganin likitan Inna ta zo. Da can Yaya ke kai ta, ta zauna a gaba gwiwarta na gugar giya. Wannan karon Auta ya buɗe mata ƙofar baya, aka ce Amarya ta raka ta. Amarya ta zauna a kujera mai laushi, sanyi na busa mata, ko ramin hanya ba ta ji. Ta ji daɗi, kuma ta ji haushin kanta da ta ji daɗin.

Suna dawowa Inna ta ce, "Kai, yau ban san na yi tafiya ba. Bayana ko motsi."

Yaya yana jin ta. Da suka shiga ɗaki ya tambayi matarsa, "Ke fa, ya kika ji ta?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba laifi."

"Ba laifi," ya maimaita. Ranar bai taɓa abincinsa ba.

A bencin mai shayi ma bai tsira ba. Abokansa direbobi suka samu abin yi.

"Sarkin Lungu, an ce motarka a bodin ta Auta take kwana yanzu?"

"A'a, ni na ji an ce baƙar ce ta haife ta."

Yaya yakan yi dariya tare da su, ya ce, "Ku bar ɗakin kwana mai taya. Mota ai ta aiki ce." Amma in ya dawo gida fuskarsa a murtuke. Ya daina cin abinci kwano ɗaya da Auta. In Auta ya gaishe shi, sai ya amsa yana kallon waya.

Kada ku ɗauka Yaya kaɗai ne abin ke ci. Amarya ma tana da nata. In ta ga maƙwabta suna yi wa Auta "ranka ya daɗe", alhali jiya jiya suke aikensa sayen ƙanƙara, sai ta ji wani abu ya tokare mata ƙirji. Mijinta ne ya ɗauki gidan nan a ka shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa ɗaukarsa hoto.

Ta kuma lura da abin da sauran ba su lura ba. Baƙar motar ba ta cika fita ba. Kyanwar gidan ta mayar da bonet ɗin wurin barci. Wata kaza ma har ta fara ƙwai a ƙarƙashinta. Kullum Auta na wanke ta, mota ba ta je ko'ina ba. In wayar Yaya ta yi ƙara, aka ji yana cewa "gani nan zuwa", Auta kan tsaya da soso a hannu yana bin sa da kallo.

Ta ga duk wannan. Kuma in faɗa muku gaskiya, daɗi ya yi mata.

Ana haka Mai Rijiya ya sayo sabon injin iska mai tayoyinsa, wanda mota ke ja. Shi ne ya zo har ƙofar gida ya yi tambayar da kuka ji a farko.

Amarya ta tsaya da shara tana jiran amsa.

"Ƙanina?" in ji Yaya. "Ranka ya daɗe, ni fa na koya masa tuƙi. Za ta ja."

"Ka dai duba. Injin nan ya kusa tan uku. Kuma ka san hanyar wurin aikin, akwai hawan nan, sannan gangaren nan mai kwana kafin gada."

"Na bi ta ya fi sau ɗari."

"To shi ke nan. Jibi da sassafe. Ka haɗa da bututu ashirin a bodi, kar a yi sawu biyu."

Yaya ya shigo ya tarar da ita a bayan ƙofa. Ya san ta ji. Ya ce, "In yaron nan ya ja injin sau ɗaya, shi ke nan, aikin shekara tara ya koma hannunsa. Kada ki kuskura maganar nan ta kai kunnensa."

Ta gyaɗa kai da sauri. A ranta cewa take, yauwa, bari su gani. Har ta hango farar motar tana wucewa gaban mai shayi da ƙaton inji a bayanta, bakin kowa a buɗe.

Washegari Yaya ya kira bakanikensa, wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare. A ƙarƙashin bishiya suka yi aikin, lokacin da Auta ya fita aski. Amarya ta kai musu ruwa, ta koma bayan ƙofa inda ta saba.

"Ganyen sifirin biyu za ka ƙara min a kowane gefe," in ji Yaya. "Ba na so bayan ya zauna, mutane su ce ta gaza."

"Zan ƙara. Me za ka ɗauka haka?"

Yaya ya gaya masa. Bakanike ya fito daga ƙarƙashin mota ya zauna a ƙasa.

"Sarkin Lungu, sifirin ɗaukar kaya yake yi. Ba ya taka birki."

"Ai ina da birki."

"Kana da birkin da aka yi wa wannan motar da ɗan abin da za ta ɗauka. Buɗe littafinta ka gani, ko rabin nauyin injin nan ba a ce ta ja ba. Ga bututu kuma a bodi."

"Masu rubuta littafin ba su taɓa tuƙi ba. Za ta ja, na ce maka."

"Wa ya ce ba za ta ja ba? Abu mai taya a shimfiɗaɗɗen titi, ni da kai ma za mu tura shi. Tsayar da shi ne aiki. Injin ya fi motarka nauyi. A gangare ba kai za ka ja shi ba, shi zai tura ka, kuma inda ya ga dama zai kai ka."

Yaya ya kau da kai.

Bakanike ya ci gaba. "Irin injin nan da birkinsa yake zuwa a tayoyinsa, da wayar da ake sokawa a bayan mota. In ka taka naka, nasa ma ya kama. Taka ba ta da wurin sokawa. Ta ƙaninka na da shi, na gani ran nan."

"Baba, sifirin na kira ka ka sa min, ba wa'azi ba."

"To. Ni dai na faɗa." Ya koma ƙarƙashin mota.

Amarya ta ji komai daga bayan ƙofa. Hoton da take ta gani a ranta ya goge, wani ya zo a madadinsa.

Bayan sallar magariba ta kawo masa abinci, ta zauna nesa kaɗan tana murza gefen zani.

"Maigida, na ce ba..."

"Ina ji."

"Ɗazu na ji bakanike yana maganar birki."

Ya ajiye cokali. "Ke ma kin koma can ke nan? Sanyin motar ne ya shiga kanki?"

"A'a, wallahi. Ni dai..."

"To ki bar ni da abin da ke damuna."

Ta bar shi. Ba ta iya musu ba, ba ta taɓa iyawa ba.

Gari na wayewa ya fita. Ta ji ƙarar farar motar har ta ɓace. Ta ɗora ruwa a wuta ta manta da shi. Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye. A tsakar gida Auta ya fito da bokiti da soso kamar kullum, yana ta 'yar waƙarsa.

Tun da ya dawo ba ta taɓa fara yi masa magana ba. Kuma wannan shi ne mutumin da ta yi wata uku tana jin daɗin zaman banzansa. Ta ja mayafi ta ƙarasa.

"Auta."

Ya juyo. "Iko sai Allah! Matar Yaya da bakinta? Yau da wa na tashi?"

Ba ta yi dariya ba. Ta gaya masa komai, idonta a ƙasa: injin, bututu, sifirin, abin da bakanike ya faɗa.

Soson ya faɗi cikin bokiti.

"Da waccan motar? A gangaren gada? Yaya ya haukace ne?" Ya shiga lalube aljihu yana neman makulli. "Bari in je in tare shi in gaya masa gaskiya."

"In ka gaya masa gaskiya, sai ya sauka gangaren ko da zai mutu. Ka fi ni saninsa."

Auta ya tsaya. "To ya kike so in yi?"

"Ban sani ba." Ta ɗago kai. "Amma tun da na zo gidan nan ban taɓa jin ya wuce motar da ta lalace a hanya bai tsaya ba. Balle kuma taka."

Auta ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. Sai ya yi wani ɗan murmushi.

"Ashe shirun nan naki ba na banza ba ne."

"Don Allah kar ya ji daga bakina ta fito."

"Ko Inna ba za ta ji ba."

Ya kori kyanwa daga bonet, ya bi wata gajeriyar hanya.

A can kuwa Yaya ya loda bututu, an maƙala injin a ƙugiyar bayan motarsa. Wayar birkin injin tana reto, ba inda za a soka ta. Ya naɗe ta ya ɗaure da tsumma. Sabon sifirin ya yi aikinsa, bayan motar bai zauna sosai ba. Yaya ya ja baya ya dube ta, ya ji kansa ya ƙara tsawo.

Da gangan ya bi ta gaban mai shayi. Ya rage gudu, ya danna hon sau biyu. Direbobi suka miƙe da kofuna a hannu.

"Kai! Sarkin Lungu! Kyanwa ta ja giwa!"

Wannan ihun ya yi masa daɗi fiye da duk abin da ya ci a wata uku.

Da ya fita gari sai motar ta fara wata ɗabi'a da bai san ta da ita ba. Sitiyari ya yi sakayau a hannunsa, kamar tayoyin gaba ba sa taka ƙasa sosai. In ya ɗan ƙara wuta sai injin ya fara kaɗa bayan motar hagu da dama. A wata mararraba wani mai keke ya gifta. Yaya ya taka birki, mota ta ƙi jin magana, ta ci gaba da tafiya har tsawon mota biyu kafin ta tsaya. Mai keke ya sha da ƙyar, yana ta zagi.

Gumi ya keto masa. Zuciyarsa ta ce juya. Sai ya tuna bencin mai shayi, ya tuna Inna tana cewa ya fitar da tasa waje. Ya sa giya.

Hawan tudun ya fara da giya ta biyu, ya koma ta ɗaya. Mota na kuka, ƙaurin kuloci ya cika masa hanci. Da ƙyar da addu'a ya kai sama.

A saman tudun, daidai inda gangare zai fara, ga baƙar mota a gefen hanya, bonet a buɗe. Ga Auta tsaye ya riƙe ƙugu.

Jama'a, ba zan ɓoye muku ba, wani sanyi ne ya ratsa zuciyar Yaya. Ya tsaya, ya sa wa tayoyin injin duwatsu, ya tako a hankali yana goge hannu.

"A'a! Ɗakin kwana ya yi barci ne?"

"Wallahi Yaya ta mutu min. Ina murɗa makulli ko tari ba ta yi."

"Matsa."

Auta ne da kansa ya sassauta kan batir kafin yayansa ya iso. Yaya bai yi minti biyu ba ya gano. Ya ɗauko sifana a motarsa ya ɗaure.

"Tayar."

Mota ta tashi da rugugi.

"Kan batir! Shekara shida a kamfani, kan batir ya tsayar da kai a daji. Me ma ya kawo ka nan?"

"Wani ne ya ce in zo in ga kaya, kuma ya fasa." Auta ya jingina da mota. Abin da ya faɗa bayan wannan kuwa ba ƙarya ba ne. "Yaya, yau kwana goma sha ɗaya ban ɗauki ko buhu ɗaya ba. In aka kira ni, na faɗi man da za ta sha, sai a ce bari a kira Sarkin Lungu. Kasuwa kuma ba ta shiga, ran nan sai da na yi ribas tun daga layin masu katako har titi, ana min dariya. Kullum ina jin wayarka na ƙara. Wani lokaci ji nake kamar in jefa ta rijiya."

Yaya ya dube shi. Bai taɓa kawo wannan a ransa ba.

"Wayar tawa?"

"Ita fa."

Dariya ta kusa kuɓuce wa Yaya, ya danne.

Auta ya kalli injin, ya kalli gangaren. "Yaya, in roƙe ka wani abu? Ban taɓa sauka gangare da kaya a baya ba. A kamfani wasu ke yi, ni fili kawai na sani. Ga shi na sayi mai ƙugiya ban san kanta ba. Ka mayar da injin nan bayan tawa ka tuƙa, ni in zauna gefe in gani. Kamar da."

Yaya ya waiga wajen farar motarsa. Tayoyinta na fitar da zafi, ƙaurin bai gama bajewa ba. Ya daɗe yana shafa gemu.

"Don ka koya kawai," ya ce.

"Don in koya kawai."

Suka sauya. Yaya ya kwance tsumman, ya soka wayar birki inda aka yi dominta. Ya taka mataki ya hau kujerar da ya rantse a ransa ba zai taɓa zama ba.

"Ka gani, tun daga sama ake sa ƙaramar giya. Ba a jira sai ta ɗauki gudu. Birki kuma taɓawa ake a saki, in ka kwanta a kansa zai yi zafi ya bar ka."

"To, Yaya."

Suka fara sauka. Duk girman motar, Yaya yana jin injin na tunkuɗo ta daga baya. Ya daina magana. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

Suna shan kwanar, sai ga tifa ta mutu a tsakiyar hanya kafin gada, an zuba ganye a bayanta. Dama rami, hagu motoci na tahowa.

Yaya ya taka birki har ƙasa. Tayoyin mota suka kama, na injin ma suka kama. Suka ji ƙarar ƙugiya, suka ji ƙarar taya a kwalta. Mota ta tsaya. Tsakaninsu da bayan tifar bai fi taku uku ba.

Yaya ya ja birkin hannu. Ya kalli ramin da ke dama. Ba sai an gaya masa inda farar mota za ta kasance yanzu ba.

Can Auta ya ce a hankali, "Na koya, Yaya."

"Yi min shiru."

A wurin aiki Mai Rijiya ya ga baƙar mota da Sarkin Lungu a sitiyari, ya buɗe baki. Yaya ya sauko ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, shekaranjiya na yi maka cika baki. Motata ba za ta iya injin nan ba. Ta ƙanina ce za ta iya. In aikin zai koma wurinsa, to, ba zan ce komai ba."

Faɗin wannan ya fi masa hawan tudun wuya.

Mai Rijiya ya dube shi sama da ƙasa. "Wane aikin? Injin nan in na kafa shi sai ya yi sati uku bai motsa ba. Ran da zai motsa ƙaninka ya zo ya ja. Siminti da tsakuwa na kullum fa, wannan motar mai kama da gidan sama zan riƙa ba mai? Shekara tara, kai ba ka san abin da nake riƙe ka dominsa ba?" Ya leƙa bodi. "Ina bututuna?"

"Suna saman tudu."

"To me kake jira? Yamma?"

Da la'asar motoci biyu suka dawo gida a jere, farar a gaba. Yaya ya ba Inna labari, amma irin nasa. Yadda ya tarar da ɗakin kwana ya mutu a daji, yadda ya gyara shi da sifana ɗaya, yadda ya koya wa yaro sauka gangare. Auta na gefe yana cewa "haka aka yi". Sai dai ranar kwano ɗaya suka ci, kuma Yaya ne ya tura wa ƙaninsa naman.

Amarya na kallo daga ƙofar kicin. Inna sai sa wa Auta albarka take, wai Allah ne ya kashe motarsa a wurin. Amarya ta ji ɗan abin nan ya sake taso mata a ƙirji. Ita ta ji, ita ta faɗa, ita ta kawo dabarar, ga shi ko kallonta ba wanda ya yi.

Da suka shiga ɗaki Yaya ya zauna bakin gado ya daɗe. Muryarsa ta sauka.

"Da motar yaron nan ba ta mutu a wurin ba, da yanzu gaisuwa ake miki."

Ta kasa ɗago kai.

"Abin da ya ɗaure min kai, kan batir ba ya kwancewa haka kawai a sabuwar mota. Kuma a duk hanyoyin garin nan, sai wannan." Ya dube ta. "Ko kin ga fitarsa da safe?"

Maganar ta zo mata har baki. Kalma biyu za ta faɗa ya san wadda ta tsaya masa. Amma in ta faɗa, gyaran da ya yi ya zama wasa, koyarwar ta zama wasa, ya tashi daga yayan da ya ceci ƙaninsa ya koma wanda matarsa da ƙaninsa suka yi wa dabara. Ta san shi. Gobe kwano biyu za a koma.

"Na ga ya fita," ta ce. "Bari in ɗora maka ruwan wanka."

Ta fita tsakar gida da bokiti. A bakin famfo ta yanke wa ranta cewa ba za ta gaya wa kowa ba. Ba shi ba, ba Inna ba, ko yayarta da take gaya wa komai ba za ta ji ba.

Darasi: Kowace mota da nauyin da aka yi ta dominsa, haka kowane mutum. Hassada ce ke sa ka ɗauki abin da ya fi ƙarfinka don mutane su gani, alhali wanda kake kallo shi ma naka yake kallo. In za ka ceci ɗan'uwanka, ka cece shi tare da mutuncinsa, ko da ba za a taɓa gode maka ba. Direbobinmu kuma, kafin ku ce za ta ja, ku tambayi kanku ko za ta tsaya. Don Allah ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda zai sauka gangare gobe.